Mun hau dutsen Mamel da yara don ganin fitilar teku

Ƙanena ya daɗe yana aiki a Dakar, kuma ba a yin hutu bai yi mini ƙorafi ba cewa ƴaƴan yayarsa ba su san ƙofar gidansa ba. Bana Allah ya nufa. Muka haɗa zumunci da ziyarar Kaulaha, wadda maigida ya daɗe da ƙulla niyyarta, muka tashi daga Yamai a babban hutu mu biyar: ni da shi, da babbar ɗiyarmu da ke kwaleji, da mai bi mata da ke firamare, sai auta ɗan shekara shida.

Shirin bai ba mu wuya ba in ban da kuɗin jirgi, wanda ya lashe mana tanadin da muka daɗe muna yi. Fasfo, takardun haihuwar yara, katin rigakafin shawara na kowa da kowa. Canjin kuɗi babu, tunda sefar da muke kashewa a Yamai ita ake kashewa a Senegal. Daga filin jirgin Diori Hamani muka ya da zango a Lome, daga nan sai filin Blaise Diagne, wanda aka buɗe a ƙarshen 2017, yana da nisan kusan kilomita 50 daga cikin gari. Agogo kuma sai an mayar da shi baya da awa ɗaya.

Da muka huta, ƙanena ya zauna yana lissafa mana wuraren zuwa: tsibirin Gore, kasuwa, bakin ruwa, jami'a. Can a ƙarshe ya ambaci wata hasumiya da ke kan dutse a unguwar Wakam, mai fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Ya faɗe ta ne a fakaice zai wuce, na tsayar da shi.

"Yaya, wani tsohon gini ne fa kawai," in ji shi. "Galibi baƙi ƴan yawon buɗe ido ne ke hawa."

Na ce masa ita nake so, a sa mana rana.

Aikina koyarwa ne, lissafi da kimiyya nake koyarwa a kwaleji. Duk shekara sai na zana wa ɗalibai jirgin ruwa a allo, na nuna musu yadda gindinsa ke fara ɓacewa kafin samansa in ya yi nisa, na ce wannan shaida ce cewa duniya a dunƙule take. Su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. To amma yaron da bai san ruwan da ya fi kogin Isa faɗi ba, da me zai auna maganata? Teku mafi kusa da mu, ta Kotonu, sai an yi tafiyar kilomita 1,000 da ɗoriya. Ban so ƴaƴana su ma su tsaya a hadda alhali ga dama ta zo har hannu.

Ranar da aka sa, mun ci abincin rana da wuri, shinkafa da kifi irin tasu da suke kira cebu jen, muka fita. Motar ƙanena ba ta ɗaukar mu duka, sai muka ƙara da taksi. Taksin Dakar mai launin rawaya da baƙi ce, kuma ba irin tamu ta Yamai ba ce da ake shiga da wasu fasinja. Shata ake ɗauka, a yi ciniki a gama tun kafin a buɗe ƙofa. Ƙanena ya yi mana cinikin da Wolof, ya jaddada wa direba inda za a tsaya.

Ba mu zarce kan dutsen ba. Shawarar ƙanena ce mu fara sauka masallacin Wakam na bakin teku, wanda aka gama ginawa a 1997, mu yi azahar, tunda can sai wajen ƙarfe biyu ake yin ta. Masallacin yana cikin wani lungu ne a ƙasan titi, hasumiyoyinsa biyu dogaye, gabansa rairayi da kwale-kwalen masunta jere, kowane an yi masa fenti da rubuce-rubuce. Mutanen wurin Lebu ne, asalin mazauna wannan yanki, kamun kifi gadonsu ne. Yara sun hangi teku daga cikin mota tun zuwanmu, amma nan ne suka fara tsayawa gaba da gaba da ita. Auta ya ƙanƙame zanena ya ƙi matsawa, don ƙarar igiyar ruwan ba ta tsayawa. Na tsakiya ya daɗe yana hange, hannu a goshi, sannan ya juyo wurin ƙanena.

"Kawu, ina Harobandarsu?"

Shi a saninsa duk ruwa yana da ƙetare, da gidaje da mutane, yadda ake tsayawa a gadar Kennedy a hangi Harobanda, ɗaya ɓangaren Yamai. Kawunsa ya ce masa in aka miƙe yamma daga nan, sai an yi kusan kilomita 600 kafin a riski tsibiran Kap Ber, bayansu kuma ba ƙasa sai nahiyar Amurka. Yaron ya yi tsit.

Ni kuma na ja babbar gefe, na nuna mata wani jirgin kaya can nesa. Na ce ta faɗa mini abin da take gani. Ta ce kwantenoni ne a jibge da wani farin gini a bayansu, amma jikin jirgin kusan ba a ganinsa, sai ka ce kayan a kan ruwa suke zaune. Na ce ta riƙe wannan a ranta har mu hau.

Daga masallacin zuwa gindin dutsen tafiyar ƴan mintoci ce. Duwatsun biyu ne, ana ce musu Mamel, ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu tun zamanin da ba a san tarihi ba. Dakar shimfiɗaɗɗen gari ne, shi ya sa ake hangensu daga ko'ina duk da cewa mafi tsawon bai wuce mita 105 ba. A kan ɗaya aka kafa mutum-mutumin nan na tagulla mai tsawon mita 49, wanda aka buɗe a 2010 zamanin shugaba Abdoulaye Wade, wani kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera shi, malamai da dama kuma suka yi ta sukarsa. Mun kalle shi daga titi mun wuce. Namu dutsen shi ne na ɓangaren teku, wanda ya fi tsawo.

Akwai kwalta da ta nannaɗe dutsen har sama, mota tana hawa. Na roƙi a bar motoci a ƙasa mu taka da ƙafa, don ina so yara su ji tsawon a gwiwarsu. Maigida ya dube ni ya dubi auta, ya ce, "Malama, kin san dai wanda zai ɗauki wannan." Haka kuwa aka yi, ba mu kai rabi ba auta ya koma wuyan babansa. Tafiyar ta ɗauke mu kusan rabin awa da tsaye-tsaye. Damina ce, dutsen ya yi kore, a gefen hanya ga baƙaƙen duwatsu masu ƙananan ramuka. Na tsakiya ya tsinci ɗaya, na ce masa wannan narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa ya daskare. Samari da ƴan mata suna ta wuce mu a guje suna motsa jiki, wasu har da dattawa. Duk kwanar da muka sha iska na ƙara ƙarfi. Macen da za ta hau nan ta ɗaure kallabinta da kyau, ta sa hijabin da ba ya tashi, don mayafi sakakke wahala zai ba ta tun daga ƙasa har sama.

Da muka isa, yaran sun ɗan yi sanyi. Sun zaci wata doguwar hasumiya ce mai taɓa gajimare, sai ga farin gini mai hawa biyu, da hasumiya zagayayya manne da shi wadda tsawonta mita 16 ne kacal. Hasumiyar masallacin Agadas, ta laka, ta fi ta da mita 11. Sai na ce su leƙa ƙasa. Dutsen ne ya ɗauke wa magina aiki: in aka haɗa tsawonsa da na ginin, fitilar tana kimanin mita 120 a saman ruwa.

Ana biyan kuɗin shiga, saboda haka a riƙe canji. Wani dattijo daga cikin ma'aikatan wurin ne ya karɓe mu. Muka yi sallama, muka gaisa gaisuwa mai tsawo yadda mutanen Senegal ke so, ya tambayi daga ina, muka ce Nijar. Ya yi murna, ya ce mun zo daga nesa, ya shafa kan auta. Da Faransanci ya yi mana bayani, manyan biyu suna ji, ni kuma ina mayar wa auta da Hausa.

An gama ginin a 1864. Wannan shekara ba ta ce wa yara komai ba sai da na jera musu ita da abin da suka sani: shekara 35 ke nan kafin sojojin Faransa su auka wa Lugu su gamu da Sarauniya a 1899, shekara 62 kafin Yamai ta zama babban birni a 1926. Ita kanta Dakar a lokacin jaririya ce, don a 1857 Faransawa suka kafa sansaninsu a wurin. Ban ɓoye wa babbar ba cewa ba don son mutanen ƙasa aka yi wannan gini ba. An yi shi ne don jiragen da ke kwasar gyaɗa da ƙaro su kai Faransa, su dawo da soja da bindiga, su shiga su fita lafiya. Daga 1902 kuma Dakar ta zama mazaunin babban gwamnan yankin Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, daga nan ake aiko da umarnin da ya mulki kakanninmu. Ya kamata yaro ya san wannan yana tsaye a wurin. Ya kuma san cewa yau ƴan Senegal ne ke riƙe da fitilar, a ƙarƙashin hukumar tashar jiragen ruwa ta Dakar, kuma duk wanda ke kan ruwa da dare yana amfana da ita, ba a tambayarsa tutarsa.

A ƙasa akwai ɗakin injin wuta da batura, saboda ko an ɗauke wutar gari fitilar ba ta mutuwa. A hawa na farko ɗakin masu tsaro ne, da tebur da babban littafin da suke rubuta abin da ya faru a kowane dare. Daga nan sai matakala mai murɗewa, matsattsiya, mutum ɗaya take ɗauka. Dattijon ya tsara mu: shi a gaba, babba ɗaya a bayan kowane ƙaramin yaro, kowa hannunsa a jikin bango ko ƙarfe. Na tattare zanena da hannu ɗaya. Auta ya taka ƴan matakai ya tsaya cak, ya ce shi ya fasa. Babansa ya durƙusa daidai kunnensa ya ce, "Yi bismilla, ina bayanka, ko ka zame a jikina za ka tsaya." Ya yi, ya ci gaba, yana lissafa matakan da ƙarfi don ya kori tsoro.

Ɗakin saman gilashi ne zagaye, ƙarami, da zafi, yana warin ƙarfe da man shafe inji. A tsakiyarsa abin da muka zo dominsa yake tsaye: wani ƙaton gilashi da ya cika ɗakin, ba guda ɗaya ba ne, zobba ne na gilashi masu kauri an jera su hawa-hawa cikin firam na tagulla, kowane zobe da irin karkatarsa. Ko ƙura babu a jikinsa. In ka leƙa ta tsakiyarsa sai ka ga teku a sama, sama a ƙasa. Rana ta ratsa gefunan zobban ta zubo launuka a kan farar rigar maigida, auta yana ta kai hannu zai kama.

Dattijon ya tambayi yaran, a ganinsu yaya girman ƙwan fitilar da ake hange daga nisan sama da kilomita 50 zai kasance? Na tsakiya ya ware hannuwansa iyakar iyawarsa. Sai ya ce su sunkuya su leƙa ciki. Ƙwan bai fi a riƙe shi a tafin hannu ba. Ƙarfinsa wat 1,000 ne, wato abin da dutsen gugar da ke ɗakina yake ja. Babbar ta dube ni tana neman in ce wasa yake yi.

Nan ne na ji daɗin zuwana, don darasin da nake fama da shi a allo ga shi a tsaye ana iya zagaya shi. Ƙwan fitila yana watsa haskensa ko'ina ne: sama, ƙasa, gefe. Wanda ya tafi sama ya ɓata, wanda ya bugi ƙasa ya ɓata, ɗan kaɗan ne ke miƙewa wajen mai jirgi. Aikin zobban nan shi ne su tare hasken da zai ɓata, su lanƙwasa shi, su mayar da shi hanya ɗaya, ya fita a dunƙule ya miƙe bisa ruwa. Na kusa da tsakiya suna karya hasken ne yayin da yake ratsa su, na can sama da na can ƙasa kuma suna juyo shi daga cikinsu. Mai wannan dabara wani injiniyan Faransa ne, Augustin Fresnel. Kafin shi da madubin ƙarfe ake tara hasken, rabi ya salwanta. In kuwa aka ce za a yi gilashi guda mai wannan girma, kaurinsa zai shanye hasken, nauyinsa kuma ba mai iya ɗauka. Sai ya yanka shi zobe-zobe, ya zubar da kaurin da ba ya aiki, ya bar karkatar da ake bukata. An fara kunna irin gilashinsa a 1823 a hasumiyar Kordwan da ke gabar Faransa, shi kuma ya rasu a 1827 yana da shekara 39.

Sai dattijon ya sa yatsa ɗaya ya tura firam ɗin. Wannan ƙaton abu na gilashi da tagulla ya juya sumul, ba ƙara, ba gargada. Maigida da kansa sai da ya ce "Ikon Allah." Sirrin yana ƙasa: gilashin a kan kwarmin zaiba yake zaune. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13 da ɗoriya, har ƙarfe yana iyo a kanta, shi ya sa nauyin duka yake shawagi, ɗan ƙaramin inji ya ishe shi juyawa dare guda. Na ja hankalin yaran cewa ita ce dai zaibar da masu haƙar zinare a ƙasarmu ke amfani da ita, kuma guba ce, ba a taɓawa, ba a shaƙar tururinta. A rufe take, amma duk da haka hannun auta yana cikin nawa har muka fita.

Na tsakiya ne ya gano abin da ban faɗa masa ba. Ya ce, ashe ke nan fitilar ba ƙyaftawa take yi ba, a kunne take, gilashin ne ke juyawa, sai hasken ya zo kanka ya wuce. Dattijon ya miƙa masa hannu suka tafa. Haka ne: wanda ke cikin teku yana ganin farin haske sau ɗaya duk sakan 5. Kowace hasumiya da irin nata bugun da launinta, an rubuta su cikin littattafan matuƙa jirgi da taswirorinsu. Matuƙi ya hangi haske, ya duba agogo, ya ƙirga, ya san wace ce, ya san inda yake. A Dakar ɗin ma akwai wasu fitilun, a Kap Manuwel da wajen Almadi, kowace da nata salon don kada a rikita su. Abin da ake gudu kuwa a fili yake: a bakin Almadi akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwa da suka sha cinye jirage.

Da mai fitilar take aiki a da, yanzu lantarki ne, amma har yau mutum ne ke kunna ta in rana ta faɗi, ya kashe ta in gari ya waye, ya goge gilashin, ya kwana yana sauraron inji. Babbar, da yake ƴar zamani ce, ta tambaya cikin ladabi: tunda yanzu kowane jirgi yana da GPS, har wayar hannu ma tana nuna wa mutum inda yake, me ya sa ake ci gaba da wannan wahala? Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce na'ura tana lalacewa, batir yana mutuwa, ruwan gishiri yana shiga waya, kuma matuƙin kirki ko na'urarsa lafiya lau take yana so idonsa ya tabbatar masa. Ya nuna ƙasa wajen kwale-kwalen da muka baro, ya ce waɗancan in dare ya yi musu a ruwa, wannan hasken suke sa wa ido su dawo gida.

Na tsakiya ya ja rigar babansa ya ce, "Baba, irin itacen Tenere ke nan." Makarantarsu ta taɓa kai su gidan tarihin Bubu Hama sun ga busasshen itacen a cikin rumfarsa. Dattijon ya nemi a ba shi labari, sai ga shi mu ne muke bayani shi yana saurare. Maigida ya gaya masa yadda itacen ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, babu wani a kewayensa sai an yi ɗaruruwan kilomita, yadda ayarin gishiri tsakanin Agadas da Balma ke saitin hanya da shi, ba mai karya reshensa ya dafa shayi, har wata babbar mota ta buge shi a 1973 aka kwaso shi zuwa Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Dattijon ya girgiza kai ya ce ashe mu ma muna da tamu tekun. Na ga yadda yaron ya ƙara tsawo don daɗi.

Daga ɗakin gilashin muka fita baranda. Iskar wurin sai an riƙe ƙarfe. Auta bai sauka daga hannun babansa ba, ni ma ban yarda manyan su jingina da shinge ba. Ta gabas da kudu ga mutum-mutumin nan da unguwar Wakam, da tsibiran Madlen da ba kowa a kansu sai tsuntsaye, can ƙarshe dogayen benayen tsakiyar gari. Ta ɗaya gefen ga tsohon filin jirgin sama na Yof, ga tsibirin Ngor, ga kuma tsinin Almadi, kilomita 4 daga inda muke, wanda shi ne iyakar ƙasar nahiyar Afirka ta yamma. Sauran duka ruwa ne.

Na ce wa babbar ta nemo mini jirgi. Ta samo biyu, ɗaya ma ya fi wanda muka gani a ƙasa nisa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Inna, wannan har gindinsa ina gani, har farin kumfan da yake bari." Na ciro biro, na juya bayan takardar shiga, muka yi lissafin a tsaye iska na neman fizge ta. Nisan da ido ke kaiwa a kan teku kafin ƙasa ta lanƙwashe, in kana son shi da kilomita, ka nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawonka da mita, ka ninka ta da 3.6. Mutumin da ke tsaye a rairayi bai wuce ya ga kilomita 5 ba. Abin da ya gota nan, gindinsa ya fara shigewa bayan ruwa. A mita 120 kuwa, lambar ta kusa 11, nisan ya zama kilomita 39. Ta ce to ai an ce fitilar tana kai sama da 50. Na ce ta tuna shi ma matuƙin ba a kan ruwa yake kwance ba. A ce ɗakinsa yana mita 16 a sama. Ta yi 4 sau 3.6, ta samu 14 da ƴan kai, ta haɗa da 39. Da 53 ta fito sai ta rufe baki da hannu. Wannan yarinyar ta ci wannan darasi a jarrabawa tun bara, amma a barandar nan ta yarda da shi. Gani ya kori ji.

Shi ya sa nake ganin asara ce a kawo yaro irin wannan wuri a tsayar da shi a ɗauki hoto a juya. Mun tarar da wasu iyalai sun hau sun sauka cikin minti goma, ba wanda ya ce wa dattijon uffan bayan gaisuwa. Mutum ne da ya san aikinsa ciki da waje, jira yake a tambaye shi. A bar yara su yi tambayarsu ko da ta yi kama da shirme, in an gama kuma a yi masa alheri, don ya cancanta.

Kafin mu sauka ƙanena ya nuna arewa ya ce ta nan samari ke bi da kwale-kwale zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, tafiyar kusan kilomita 1,500 a buɗaɗɗiyar teku, da yawa ba a sake jin ɗuriyarsu. Maigida mutumin Tawa ne, garinsu duk rani sai ya zama na tsofaffi da mata saboda tafiya bida, wasu ta kudu wasu ta hamada. Ya daɗe yana duban ruwan, ya yi musu addu'a, muka shafa.

A farfajiyar ginin akwai wurin cin abinci, da dare kuma yakan koma wurin kiɗa da shaƙatawa na manya. Mai tafe da yara ya zo da rana, ya tambayi lokacin da ake rufe hawa sama tun kafin ya baro gida. Ya kuma dubi sama: ranar da aka yi ruwa aka ɗauke ta fi kowace, don in hazon hunturu ya sauko ba a rarrabe inda teku ta ƙare. Yaron da bai kai ya hau matakala da ƙafarsa ba gara a bar shi ƙasa da wani babba. Muka shimfiɗa darduma a gefe muka yi la'asar, muka yi sallama da dattijon, muka gangaro. Saukowa ta fi sauri amma ta fi cin gwiwa.

Ban yarda mu tafi gida ba mu ga fitilar tana aiki ba. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a Dakar sai wajen bakwai da rabi, saboda haka muka sami wuri a gefen titin bakin teku inda ake hangen dutsen sosai, muka sayi gyaɗa mai gishiri da zoɓo mai sanyi da ruwan kuka, muka zauna. Muna idar da magariba auta ya yi ihu yana nuni. An kunna. Da farko hasken fari ne fes amma ba ƙarfi, sai da duhu ya kankama sannan aka fara ganin sandarsa tana share sama tana wucewa bisa rufin gidaje ta faɗa teku.

Gardama ta tashi nan take. Auta ya ƙirga tsakanin haske da haske ya samu tara, don sauri yake yi. Na tsakiya ya samu shida. Yayarsu ta karɓi wayar kawunta ta sa agogo, ta ce kowa ya yi shiru a ƙirga na minti guda. Muka ƙirga tare da ƙarfi, har masu wucewa suna waiwayenmu: 12 cif. Na tsakiya ya tsuguna ya rubuta a ƙasa da tsinke, 12 sau 60 ya ba shi 720 a awa. Ya tambayi kawunsa awa nawa dare yake yi a nan, aka ce masa ya ɗauki 11 a wannan wata. Ya sha fama da shi, ya goge ya sake, ya fito da 7,920. Babansa ya duba a waya ya ce daidai ne.

Komawa gida ta ɗauke mu lokaci saboda cunkoson motoci a hanyar Wakam, kuma taksin dare ta fi ta rana tsada. Sai da ƙanena ya sallami direba biyu kafin na uku ya yarda da kuɗin da ya taya.